Mai goge a kan rufi: fim za a kalla, ko tikitin dandamali za a saya?

Ƙanwata da ke karatu a Ingila ta kira ni wani dare a 2025, ta ce, "Yaya, wasan nan da kike yawan ambata, na mai sayar da madara da 'ya'yansa mata, ga shi an liƙa tallansa a garinmu. Kuɗin tikitin zai cinye min cefanen mako guda. In saya, ko in nemi fim ɗin in kalla a ɗaki?" Na ce ta bari sai gobe, don ba na son in ba ta amsar gaggawa a kan abin da ya shafi aljihunta. Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufi, ta hanya uku ake saduwa da shi a yau, kuma Allah ya sa na bi dukkansu: fim ɗin 1971, wasan dandamali da Turanci wanda ake farfaɗo da shi lokaci zuwa lokaci a Landan da Niyok, da kuma wasan dandamali da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Labarin ɗaya ne, waƙoƙin ma kusan ɗaya ne, amma abin da mutum ke fitowa da shi a zuciya ya sha bamban.

Labarin a 1905 yake, a ƙauyen Anatevka. Ƙirƙirarren gari ne, amma irinsa sun cika yammacin daular Rasha a wancan zamani. Tun daga 1791 har zuwa 1917 sarakunan Rasha sun shata wa Yahudawa yankin da aka yarda su zauna, wanda ya taɓa ƙasashen da a yau ake kira Yukiren, Belarus, Lituweniya, Moldoba da Poland, kuma ƙidayar 1897 ta sami Yahudawa kusan miliyan 5 a cikinsa. Tevye talaka ne mai yawon sayar da madara a keken doki. Yana da mata, Golde, da 'ya'ya biyar, duka mata. A al'adarsu gidan amarya ne ke fitar da dukiyar aure, saboda haka talaka mai 'yan mata biyar ba ya barci da ido biyu. Mai dalilin aure ta garin, Yente, ta kawo wa babbar 'yar, Tzeitel, wani attajirin mahauci da matarsa ta rasu. Uba ya amsa, har an sha hannu, sai ga shi yarinya ta riga ta yi alkawari da wani matalaucin tela, Motel, wanda duk burinsa a duniya ya mallaki keken ɗinki. Ta biyu, Hodel, ta zaɓi Perchik, ɗalibi ɗan gwagwarmaya daga Kiev, kuma su biyun ba izini suka zo nema ba, albarka kawai suka roƙa. Ta uku, Chava, ta auri Kirista ɗan Rasha, nan kuma uban ya ce ya kai iyakar lanƙwasawar da zai iya. Ana cikin wannan sai ga umarni daga hukuma cewa Yahudawan ƙauyen su sayar da abin da suke da shi su fice cikin kwana uku.

Tushen labarin gajerun labarai ne da Sholem Aleichem ya rubuta da Yidish tsakanin 1894 da 1914. Sunansa na yanka Sholem Rabinovich, an haife shi a 1859 a ƙasar Yukiren ta yau, ya rasu a Niyok a 1916. Sunan alƙalamin da ya ɗauka gaisuwa ce, kuma kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kanta, ita ce 'yar'uwar salamu alaikum. Jerry Bock ya yi kiɗan, Sheldon Harnick ya rubuta baitocin, Joseph Stein ya tsara zancen, Jerome Robbins ya ba da umarni ya kuma tsara raye-rayen. An buɗe wasan a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok, ranar 22 ga Satumba 1964 da Zero Mostel a matsayin Tevye, ya ci kyaututtukan Tony 9, aka yi shi sau 3,242 kafin a rufe a 1972. Shi ne wasan waƙa na farko a Broadway da ya haura sau 3,000.

Bari in fara da fim, tunda shi ne ya fi kusa da hannun kowa, ko a Kano mutum yake ko a Yamai ko a Kumasi. Norman Jewison, ɗan Kanada wanda ba Bayahude ba ne, shi ya ba da umarni. Ya kwashi ma'aikatansa zuwa Yugoslaviya, ƙauyukan da ke kusa da Zagreb a Kuroshiya ta yau, don ya sami laka ta gaske, kaji da agwagi na gaske, da gidajen katako da suka sha sanyi. Mai ɗaukar hoto, Oswald Morris, ya lulluɓe idon kyamara da safar mata mai ruwan ƙasa, shi ya sa fim ɗin gaba ɗaya yake da launin ƙasa da busasshiyar ciyawa, kamar tsohon hoton da aka ciro daga akwatin kaka. Ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. John Williams ma a nan ya ci Oscar ɗinsa ta farko saboda yadda ya sake tsara kiɗan, kuma gogen da ake ji a fim ɗin hannun Isaac Stern ne. Kyaututtukan uku ne gaba ɗaya, ta ukun ta sauti ce.

Abin da fim ya fi dandamali da shi, wanda babu gardama a kai, fuska ce. Chaim Topol, wanda ya fito a Tevye, shekararsa 35 lokacin ɗaukar fim ɗin, aka yi masa furfura da gemu ya zama dattijo, kuma idanunsa kaɗai sun ɗauki rabin labarin. Duk lokacin da wata 'ya ta zo masa da maganar da ta saɓa al'ada, sai Tevye ya shiga muhawara da kansa, yana auna wannan gefe da wancan. A fim sai kyamara ta ture yarinyar can nesa, ta zama ƙarama a ƙarshen gona, shi kuma ga fuskarsa ta cika allo. Kana ganin lokacin da fushi ke narkewa, kana ganin lokacin da ya hango farin ciki a idon 'yarsa ya kasa ci gaba da cewa a'a. Daga kujera ta ashirin a gidan wasa ba za ka ga wannan ba. Haka kuma fim ya fita da kai inda dandamali ba ya zuwa: zanga-zangar Kiev inda aka kama Perchik, da shigar Golde cikin cocin Rashawa tana neman 'yarta, tana takawa kamar wadda ƙasa za ta tsage da ita.

Sauran fa'idodinsa na aljihu ne da na gida. Kuɗinsa kaɗan ne, iyali duka za su zauna a kai, ana iya tsayar da shi a tashi a yi salla, ana iya kunna rubutun fassara a ƙasa, ana iya komawa baya in wata magana ta wuce. Tsawonsa kusan awa uku ne, kuma ina ba da shawarar a raba shi biyu, a tsaya bayan bikin auren Tzeitel, domin kashi na biyu yana da nauyi, ga dusar ƙanƙara ga shiru, kuma wanda ya riga ya gaji zai ga kamar an ja shi da yawa.

Inda fim ya gaza shi ne inda wasan ya fi ƙarfi. Tevye mutum ne mai magana da Ubangiji a tsaye, a kan hanya, yana kai kuka kan dokinsa da ya gurgunce ana gab da shiga Asabar, ranar hutun Yahudawa, yana tambayar abin da zai ragu a duniya da an ba shi ɗan arziki. Idan bai yi da sama ba, da masu kallo yake yi. A fim yana kallon kyamara, kuma kyamara ba ta amsawa. A gidan wasa kuwa ku ne mutanen garin da ya tsaya yana ba labari. Zai faɗi magana, ya dakata, ya jira dariyarku, in ta yi jinkiri ya ɗaga gira, in wani ya yi ajiyar zuciya a sahun gaba ya juya wajensa. Mun san wannan daga wajen tashe da wasan 'yan kama, inda mai wasa ba ya cika sai da da'irar mutanen da suka kewaye shi. An gina Fiddler a kan haka, kuma wanda ya gan shi a allo kaɗai bai ga wannan ɓangare ba.

Sai rawa. Robbins, kafin ya tsara wasan, ya riƙa halartar bukukuwan auren Yahudawa masu riƙo da addini a Niyok, a can ya ga wani yana rawa da kwalba a kai, daga nan rawar kwalabe ta bikin Tzeitel ta samo asali. Maza huɗu ko biyar cikin baƙaƙen riguna masu tsawo, kowa da kwalba a tsaye a kan hularsa, suna riƙe da hannun juna. Kiɗan ya fara a hankali. Sai su durƙusa, su miƙa ƙafa ɗaya gaba, su ja jiki a kan gwiwa, su sake miƙa ɗayar, suna matsowa bakin dandamali, wuyansu a sandare, kafaɗunsu ba sa motsi. A fim abin yana da kyau, amma zuciyarka ta san in kwalba ta faɗi za a sake ɗauka. A gidan wasa na lura matar da ke kusa da ni ta dafe bakinta da hannu, ni kuma na riƙe numfashi har sai da suka miƙe suka cire kwalaben da hannu, don a ga ba manne suke ba. Wannan minti uku kaɗai ya rage min zafin kuɗin tikiti.

A dandamali babu doki. Tevye da kansa ke jan keken tun daga farko, kuma a ƙarshe wannan keken dai shi ake ɗora wa tukwane da barguna a fita da shi daga gari. Ƙarancin kaya a nan riba ne.

Sai dai wasan dandamali ba abu ɗaya ba ne tsayayye kamar fim, kowane farfaɗowa da irin nasa hannun. A Broadway kaɗai an dawo da shi a 1976, 1981, 1990, 2004 da 2015. Na 2015, wanda Bartlett Sher ya ba da umarni, ya fara da Danny Burstein sanye da jar rigar sanyi ta zamani yana karanta littafi, kamar jikan da ya dawo neman garin kakanninsa, sannan ya tuɓe ta ya zama Tevye, a ƙarshe kuma ya shiga sahun masu gudun hijira. A shekarar ne 'yan gudun hijirar Siriya suka cika labaran duniya, kuma kowa ya gane inda aka dosa. A Landan, Trevor Nunn ya yi nasa a 2018 a ƙaramin gidan wasa na Menier Chocolate Factory da Andy Nyman, inda masu kallo suka zauna kamar a tsakiyar ƙauyen.

Wanda ƙanwata ke tambaya a kai shi ne na Jordan Fein, da aka fara a gidan wasa na fili da ke Regent's Park a bazarar 2024, ya ci kyautar Olivier ta wasan waƙa da aka farfaɗo da shi a 2025, ya koma rufaffen zauren Barbican a Landan, sannan ya shiga zagayen garuruwa. A fili na gan shi. Mai tsara dandamali, Tom Scutt, ya yi wani babban rufi mai lanƙwasa da alkama a tsaye a kansa, kamar an ɗaga gona sama an bar mutane suna rayuwa a ƙarƙashinta, mai gogen kuma yana can bisa cikin zangarniya. A wannan shiri mai goge ba ado ba ne da ke fitowa a farko da ƙarshe, yana bin Tevye kamar inuwarsa, yana amsa masa da tsirkiya. Chava kuma tana busa kilarinet, sarewar nan ta Turawa, har ta riƙa amsa wa gogen, don haka lokacin da uban ya yanke ta daga gida kana jin an cire murya ɗaya daga cikin kiɗan. Adam Dannheisser ya yi Tevye ba tare da yawan barkwanci ba, uba ne mai gajiya da ƙaunar 'ya'yansa, Lara Pulver kuma ta yi Golde mai kaifin harshe. Da aka zo ɗaurin aure a ƙarƙashin rumfa, ana waƙar fitowar rana da faɗuwarta, rana ta gaske tana faɗuwa a bayan itatuwan lambun. Wannan ba zai biyo wasan cikin rufaffen zaure ba, kuma gara mai saye ya sani. Abin da zai samu a madadinsa shi ne sauti mai tsabta da kwanciyar hankali daga ruwan saman Ingila.

Akwai kasada a dandamali da ya kamata a faɗa. Ranar da ka je mai yiwuwa babban ɗan wasa ba shi da lafiya, mataimakinsa ne zai fito. Kujera mai araha tana iya zama a gefe inda rabin dandamali ya ɓuya. Turancin waƙa kuma yana gudu, musamman inda mutane da yawa ke rerawa tare, kuma babu rubutu a ƙasa. Wanda kunnensa bai saba ba zai rasa wasu daga cikin maganganun ban dariya, ya ga zaure ya fashe da dariya shi yana zaune.

Yanzu ga na uku, wanda ya fi zauna min a rai. Mutanen Anatevka ba Turanci suke yi ba. Yidish suke yi, harshen da gangar jikinsa daga tsohon Jamusanci take, ya ɗebo kalmomin addini da na ilimi daga Ibrananci da Aramaik, ya ɗebo na kasuwa da na gona daga harsunan Poland da Yukiren da Rasha, ana kuma rubuta shi da haruffan Ibrananci daga dama zuwa hagu. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar ajami ya san wannan tsari: harshen gida a cikin haruffan littafi mai tsarki, da kalmomin malamai sun narke a bakin talaka har ba ya jin baƙi ne. Kafin yaƙin duniya na biyu masu magana da Yidish sun kai kimanin miliyan 11. Mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka kashe masu wannan harshe ne.

Shraga Friedman, ɗan wasa haifaffen Warsaw, ya fassara wasan zuwa Yidish, aka yi shi a Isra'ila a 1965, daga nan fassarar ta kwanta shekaru fiye da hamsin ba a yi ta a Amurka ba. A Yulin 2018 ƙungiyar Folksbiene, wadda aka kafa a Niyok tun 1915, ta ɗauko ta, Joel Grey ya ba da umarni, Steven Skybell ya fito a Tevye. An fara a zauren gidan tarihin Yahudawa da ke ƙarshen kudancin Manhattan, inda ake hango tsibirin Ellis, mashigar da miliyoyin baƙi suka bi zuwa Amurka, ciki har da irin su Tevye, domin Yahudawan gabashin Turai kimanin miliyan 2 ne suka ƙaura can tsakanin 1881 da 1924. An shirya 'yan makonni ne, aka yi ta ƙara wa'adi, a 2019 ya koma gidan wasa na Stage 42 har zuwa Janairun 2020, ya sake dawowa a ƙarshen 2022. Yawancin 'yan wasan ba su iya Yidish ba kafin a ɗauke su, koya suka yi baƙi bayan baƙi. Ana haska fassarar Turanci da Rashanci a gefen dandamali.

Na shiga da fargabar cewa zan kwashe awa uku ina karatu a bango. Minti goma na farko haka aka yi, wuyana yana kai da komo. Daga baya sai na ga na daina duba fassarar sai jefi-jefi, saboda na riga na san labarin daga fim, kuma harshen da kansa yana ɗauke da abin da nake bukata. Yidish yana da wata karya murya ta tambaya, wadda ake amsa tambaya da tambaya, da wani nishi da ke shiga tsakiyar zance. A Turanci waɗannan abubuwa sukan zama kwaikwayon lafazi don a ba da dariya. A bakin masu su kuwa hanyar magana ce kawai, kuma faɗan Tevye da Golde ya koma faɗan mata da miji da suka shekara 25 tare, waɗanda ranar aurensu ce ranar da suka fara ganin juna. Friedman ya kuma mayar da wasu wurare kusa da rubutun Sholem Aleichem. Waƙar da Tevye ke mafarkin arziki, alal misali, a Yidish yana cewa da shi Rothschild ne, sunan gidan attajiran nan na Turai da kowane talakan Bayahude ya sani, kamar yadda namu ke kiran sunan wani hamshaƙi in ana zancen kuɗi. Ga kuma ɗabi'ar Tevye ta jawo nassi ya fassara shi yadda ya dace da bukatarsa, wani lokaci ya jingina wa wannan annabi maganar wancan. Idan ya tsallaka daga Yidish zuwa Ibrananci ya dawo, kunnenka yana jin tsallakawar, kamar dattijon da ya yi 'yan shekaru a makarantar allo yana jefa Larabci a hira a bakin kasuwa. A Turanci duka harshe ɗaya ne, wannan hawa da sauka ya ɓace.

Dandamalin kusan fayau yake: tebura, kujeru, da manyan takardu masu launin ƙasa da aka rataye a baya, aikin Beowulf Boritt. A kan ta tsakiya an rubuta kalma ɗaya da haruffan Ibrananci, Attaura. A ƙarshen bikin aure, lokacin da 'yan sanda da mutanensu suka faɗo suna kifar da tebura, ɗayansu ya kama wannan takarda ya yage ta. Ƙarar yagewar takarda ce kawai, amma zauren ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji a gidan wasa ba, wani tsoho a bayana ya yi wani sauti kamar an soke shi. Da aka dawo daga hutu sai ga takardar an ɗinke ta, tabon ɗinkin yana nan a fili har ƙarshen wasa. Fim ya nuna wannan hari da dawakai da wuta da gashin matasai yana tashi a iska, kuma ya tsorata ni. Takardar nan kuwa har yau ina ganinta.

Aibin na Yidish shi ne samunsa. Ba kullum ake yinsa ba, kuma ba a ko'ina ba. An fitar da faifan waƙoƙinsa a 2019, wanda ake iya saurara a intanet, ya kuma isa mutum ya ɗanɗana harshen. Sannan bai dace da wanda bai san labarin ba, ko yaron da bai iya karatu da sauri ba.

Wani abu da ya shafi duka ukun: wasan ya sassauta labaran asali ƙwarai. A rubutun Sholem Aleichem Golde ta mutu, Motel ya mutu, wata daga cikin 'yan matan ta faɗa kogi, kuma babu wata Amurka da ke jiran Tevye a ƙarshe. Marubuta Yahudawa irin su Irving Howe da Philip Roth sun soki wasan da cewa ya yi wa rayuwar ƙauyukan nan kwalliya don ta yi wa Amurkawa daɗin kallo. Sukar tana da tushe. A ganina na Yidish ne ya fi rage wannan kwalliya, fim yana biye da shi saboda lakarsa da sanyinsa, na Turanci kuma ya danganta da hannun mai ba da umarni.

Na san akwai mai karatu da zai tsaya a kan kalmar Yahudawa, zuciyarsa na kan Falasɗinu, kamar yadda tawa take. Labarin nan ya faru shekara 43 kafin kafa ƙasar Isra'ila, a kan talakawan da hukuma ta zo ta ce su bar gidajen da aka haifi kakanninsu cikin kwana uku. Wanda ke jin zafin korar mutane daga ƙasarsu ba zai ga baƙon abu a wurin ba. Ga masu zuwa da yara kuma, akwai fage guda na shan giya a mashaya lokacin da aka yanke maganar aure da mahauci, akwai mafarkin ƙarya da Tevye ya shirya wa matarsa inda fatalwar matar mahaucin ke fitowa da kururuwa, wanda kan firgita ƙanana, akwai kuma harin biki. Babu tsiraici, babu zancen batsa. Wasan dandamali yana ɗaukar kusan awa uku har da hutun rabin lokaci, don haka a duba lokacin magariba kafin a zaɓi na rana ko na dare.

Washegari na kira ta na ce, "Ƙanwata, ga yadda za ki yi. Nemi fim ɗin ki kalla a ƙarshen makon nan, ki san mutanen da sunayensu, don kada Turancin waƙa ya wuce ki. Sannan ki sayi tikitin. Kada ki sayi na ƙasa kusa da dandamali, ya fi tsada kuma ƙafafu za ki yi ta kallo. Nemi bene na farko, tsakiya, ko da sahun baya ne, daga can ake ganin rawa yadda aka tsara ta. Duba ranakun tsakiyar mako, sun fi sauƙi, ki kuma tambaya ko suna rage wa ɗalibai." Na ƙara mata da cewa da iyali ne mutum shida za su je da kuɗin ya ninka shida, da fim na ce su tsaya a kai ba tare da wata nadama ba, haka ma wanda ke zaune inda wasan ba ya zuwa. Amma ita kaɗai ce, ga shi ya zo har ƙofar gida, kuma Tevye mai amsa wa zaure ba ya samuwa a waya. In kuwa wata rana ta ji an sanar da na Yidish a inda ƙafarta za ta iya kaiwa, kada ta kira ni neman shawara, ta saya kawai.

Ta je ranar wata Laraba. Wajen ƙarfe goma da rabi na dare wayata ta yi ƙara, tana cikin bas, muryarta a dishe. Na zaci rawar kwalabe za ta fara ambata. Sai ta ce fagen tashar jirgin ƙasa ne ya kama ta, inda Tevye ya raka Hodel za ta bi mijin da za ta aura zuwa Siberiya, su biyu a kan benci cikin sanyi, ba su san ko za su sake ganawa ba, bayan ta tafi kuma ya ɗaga kai sama ya roƙi Allah ya kula da ita, ya sa ta riƙa sa kayan ɗumi. Ta ce, "Yaya, kin tuna a filin jirgin Kano Baba bai ce min komai ba sai zancen rigar sanyi? Sau uku yana tambaya ko na sa ta a jakar hannu." Na ce na tuna. Ta ce bari ta kashe, tana so ta same shi kafin ya kwanta.